Petra: Birnin da Aka Sassaƙa a Jikin Dutse, da Matakalar da Ban Ƙarasa Ba

Na san wata a cikinku tana karanta wannan ne waya a hannun hagu, ludayi a hannun dama, wata kuma tana jijjiga yaro ya yi barci. Shi ya sa na yanyanka labarin gida-gida. In hidima ta taso ki ajiye, in kin huta ki dawo.

A watan Mayun bara aka tura mu taron ƙara wa juna sani na ma'aikatan jinya da ungozomomi a Amman, babban birnin ƙasar Jodan. Mu biyu ne daga wurin aikinmu, ni da wata babbar ungozoma da ta kusa ritaya, wadda kowa ke kira Anti. Ita ta koya mini karɓar haihuwa lokacin da na fito daga makaranta, hannuna yana rawa. Kwana biyar aka yi ana taro, sai rana guda ta rage mana kafin jirginmu ya tashi. Wasu suka ce kasuwa, wasu suka ce barci. Ni kuwa akwai saƙon da aka ɗora mini tun daga gida.

Babbar 'yata mai shekara tara ta taɓa ganin hoton wani jan gini a jikin dutse cikin littafin makarantarsu. Da ta ji ƙasar da za ni, sai ta yago takarda ta rubuta tambayoyi uku ta cusa mini cikin fasfo. Su wa suka yi shi? Me suke sha, tunda hamada ce? Ina suka tafi?

"Ba dai garin Samudawa ba?"

Wannan ita ce tambayar Hajiya, mahaifiyar maigidana, ranar da na kai mata yaran. Na san da yawanku ita za ku fara yi, don haka bari mu fara da ita.

Wurin da ake dangantawa da Samudawa, mutanen Annabi Salihu (AS), shi ne Hijir, wanda aka fi sani da Mada'in Salih. Yana Saudiyya, kusa da garin Al-Ula, kimanin kilomita 500 kudu da Petra. Ita Petra a kudancin Jodan take. Abin da ya sa ake haɗa su shi ne, manyan kaburburan da ake gani a jikin duwatsun Mada'in Salih a yau aikin Nabatawa ne, kuma su ne dai mutanen Petra. Petra ce fadar mulkinsu, Mada'in Salih kuma birninsu na biyu. Hukuncin ziyartar irin waɗannan wurare na malamai ne, ni ma sai da na tambayi malaminmu na Islamiyya kafin in sa ƙafa.

Hajiya ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To, ki shiga da addu'a, ki fito da addu'a. Ban da shewa a maƙabartar mutane." Da na isa na tarar ta fi ni gaskiya, domin yawancin abin da ake ɗaukar hoto a gabansa kaburbura ne.

Hanya

Ƙarfe shida da rabi na safe motarmu ta bar Amman. Tafiyar sa'a uku ce da 'yan kai, a kan titin da ya ratsa hamada ya nufi kudu. Babu abin kallo sai fili, da manyan motocin kaya, da tantunan makiyaya jefi-jefi. Anti ta yi barci, ni na yi ta kallon hoton yarana.

Garin da ke bakin Petra sunansa Wadi Musa, wato Kwarin Musa. Akwai wani idon ruwa a mashigar garin da ake kira Ainu Musa, mutanen wurin sun gaji labarin cewa nan ne Annabi Musa (AS) ya bugi dutse ruwa ya ɓuɓɓugo. Ki riƙe sunan idon ruwan nan, zai dawo.

A lokacin da muka je, kuɗin shiga na yini ɗaya ga baƙon da ya kwana a ƙasar dinari 50 ne, kimanin dalar Amurka 70. Sai da na lissafa shi a buhun shinkafa kafin in miƙa. Daga nan zuciyata ta ƙulla wani abu: tunda na biya wannan kuɗi, sai na ga komai.

A nan na yi kuskuren farko. Jakata ta yi nauyi, ga gorunan ruwa, ga sallaya, ga cajar waya. Sai na zaro ledar dabino da biskit na bar ta a kujerar mota, wai in rage kaya.

Siƙ: lungun da ya fi kilomita

Ba a ganin Petra daga waje. Daga ƙofa za ki yi tafiyar kusan mita 800 a fili, ki wuce wasu manyan duwatsu masu kusurwa huɗu da Badawiyyawa ke kira duwatsun aljanu, sannan ki shiga wata tsaga a jikin dutse da ake kira Siƙ. Tsawonta kimanin kilomita 1.2. A wasu wuraren faɗinta bai wuce mita uku ba, bangon dutsen kuma ya miƙe sama dama da hagu har sai kin ɗaga kai mayafi ya zame kafin ki hango sararin sama, siriri kamar zare.

Da shigarmu zafi ya yanke. Sanyi ya sauko kamar an buɗe randa. Dutsen yashi ne, launinsa layi-layi, ja da rawaya da ruwan toka da shuɗi-shuɗi, kamar an jera atamfofi a kanta. A wani lungu akwai siffar raƙuma da masu jan su da aka sassaƙa a bango. Iska da ruwa sun cinye samansu, ƙafafun ne suka fi fitowa. Akwai kuma 'yan tagogi da aka fafe don gumaka, domin mutanen masu bautar gumaka ne. Babban abin bautarsu sunansa Zu Shara, kuma cikin sauran akwai sunayen da muka sani tun a Islamiyya: Lata da Uzza.

Kina cikin tafiya, kin fara cewa lungun nan ba ya ƙarewa, sai tsagar da ke gabanki ta yi haske. Sai ki ga rabin ginshiƙi. Ki ƙara taku, ki ga wani. Sai dutsen ya buɗe gaba ɗaya.

Anti ta tsaya cak, ta kama hannuna. "Ikon Allah," kawai ta ce.

Hazna

Wannan shi ne ginin da ke littafin 'yata. Larabawa suna ce masa Hazna, wato taska. Tsayinsa kusan mita 40, ki ƙiyasta bene mai hawa 12. Babu bulo ko ɗaya a jikinsa, babu siminti. Dutsen ne aka sassaƙe, daga sama aka fara aka yo ƙasa, har ginshiƙai da furanni da siffofi suka fito. Mai sassaƙa in ya yi kuskure babu gyara, don abin da ya fita daga jikin dutse ba ya komawa.

Masana sun fi karkata ga cewa kabarin sarki ne, na ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa (AS), zamanin Sarki Harisu na Huɗu, wanda ya yi mulki kusan shekara 50. A 2024 masu tonon kayan tarihi sun sanar da gano wani ɗaki a ƙarƙashinsa da ƙasusuwan mutum 12. Sunan taska kuwa daga baya ya samo asali. A can ƙololuwa akwai wani abu mai siffar tulu, sai labari ya yaɗu cewa wani Fir'auna ya ɓoye zinariya a ciki. Mutane suka yi ta harbinsa da bindiga don ya fashe. Har yau ana ganin tabon harsashi. Tulun kuwa dutse ne zalla, ciki da waje.

Ba a barin kowa ya shiga yanzu. Daga bakin ƙofa abin da ake hangowa ɗaki ne fayau, babu ado ko kaɗan. Duk ƙawar a fuska take.

Tambaya ta farko: su wa suka yi shi?

Nabatawa Larabawa ne, asalinsu makiyaya masu yawo da raƙuma da tumaki. Tarihi ya fara ambatonsu sosai a shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da ɗaya daga cikin janar-janar ɗin da suka gaji Iskandar na Girka ya tura musu yaƙi bai ci nasara ba. Sunan Petra ma na Girkawa ne, ma'anarsa dutse. Su masu garin Raƙmu suke ce masa.

Arzikinsu daga turare yake. Mu da ba ma rabuwa da kasko da turaren wuta, wannan ba zai yi mana wuyar fahimta ba. Lubban da mur suna fitowa daga kudancin ƙasar Larabawa, yankin Yaman da Oman na yau. Shi lubban ɗanko ne na wata bishiya, 'yar'uwar hano ɗin da muke da shi a dazuzzukanmu. Misirawa da Girkawa da Rumawa suna buƙatarsa a wuraren ibada da jana'iza da haɗa magani, suna sayensa da tsada. Ayarin raƙuma ne ke ɗauko shi ya ratso hamada har gaɓar teku a Gaza. Nabatawa su ne madugai, su ne masu zango, su ne masu karɓar kuɗin fito. Duk wadda ta ji labarin fataken da, ko ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma, ta san wanda ya riƙe rijiya da zango shi ya riƙe ciniki.

A lokacin da garin ke ganiyarsa an ƙiyasta mazaunansa tsakanin 20,000 zuwa 30,000. Bayan Hazna kwarin yana buɗewa, ga ɗaruruwan kaburbura, ga dandalin wasa mai kujerun dutse da ke ɗaukar dubban mutane, ga babban titi mai ginshiƙai, ga wani ɗakin bauta da aka gina da tubalin dutse, Ƙasrul Bint, wanda har yau bangonsa yana tsaye.

Akwai abu biyu da na ajiye wa 'yata musamman. Na farko, a jikin kuɗinsu ana buga hoton sarki tare da na sarauniya. Wata sarauniya mai suna Shaƙilat ma ta riƙe wa ɗanta mulki na wasu shekaru tun daga wajen shekara ta 70 miladiyya, saboda yana ƙarami lokacin da mahaifinsa ya rasu. A Mada'in Salih kuma rubutun da ke jikin wasu kaburbura ya nuna mata ne suka mallake su da sunansu. Na biyu, rubutun Nabatawa ne ya riƙa sauyawa sannu a hankali har ya zama harufan Larabci. Ke nan baƙaƙen da ɗanki ke rubutawa a allo, da ajamin da kakanninmu suka yi wasiƙa da shi, jikokin rubutun mutanen nan ne.

Tambaya ta biyu: me suke sha?

Wannan ce ta fi kama ni, ni da nake ganin abin da gurɓataccen ruwa ke yi wa yara duk damina.

Ruwan saman da ke sauka a Petra a shekara bai fi milimita 150 ba. Na Kano ya ninka shi sau da yawa, amma ki tuna layin jarkoki a unguwarku. To, in kina tafiya cikin Siƙ ki dubi gindin bango, daidai ƙugunki ko ƙasa da haka. Za ki ga kwata da aka fafe a dutse tana bin hanyar tun daga farko har ƙarshe. Gefe ɗaya ana rufe ta da faifan dutse, ɗaya gefen kuma bututun yumɓu aka jera, bakin wannan cikin gindin wancan. Da irin waɗannan suka jawo ruwa daga Ainu Musa da wasu idanun ruwa masu nisan kilomitoci. A kan hanya sun yi 'yan ramuka inda ruwan ke tsayawa yashi ya kwanta kafin ya wuce. Sun haƙa ɗaruruwan rijiyoyin tara ruwan sama a cikin dutse, suka shafe cikinsu don kada su tsotse.

Wani marubucin tarihi Bagirke mai suna Diyodoras ya ba da labarin cewa tun suna makiyaya suke haƙa irin waɗannan rijiyoyi a hamada, ciki faffaɗa, baki ɗan ƙarami, su rufe bakin su sa alamar da su kaɗai suka sani. In maƙiyi ya biyo su sai su nausa hamada, shi ƙishirwa ta kore shi. Daga baya ruwa ya wadace su har suka yi lambu da babban tafkin shaƙatawa a tsakiyar gari, wanda aka gano a ƙarshen shekarun 1990.

Sun kuma san ruwa yana kisa. Kwarin nan in an yi ruwa a kan duwatsu, ambaliya ce ke zubowa cikin Siƙ farat ɗaya. Sai suka gina madatsa a bakinsa, suka huda dutse suka yi wa ruwan wata hanya daban. Bayan sun shuɗe madatsar ta rushe, ba wanda ya kula. A 1963 ambaliya ta rutsa da baƙi a cikin Siƙ, sama da mutum 20 suka mutu, yawancinsu 'yan Faransa. Sai bayan haka aka sake gina madatsar a inda masu garin suka sa ta tun farko.

Matakala

Wajen ƙarfe ɗaya mun yi tafiyar kusan kilomita huɗu daga ƙofa, mun kai ƙarshen kwarin. Daga nan matakala ke tashi zuwa wani gini da ake kira Dair, wanda ya fi Hazna girma, faɗinsa ya kusa mita 50. Matakalar ta haura 800, duk a jikin dutse.

Anti ta dubi saman, ta dube ni. "'Yar nan, anya?"

Na ce, "Anti, sannu ba ta hana zuwa. Mun zo har nan, kuma mun biya."

Na san tana da ciwon sukari. Na ga lokacin da ta sha maganinta da asuba. Na ga kuma abin da ta ci, rabin burodi da shayi, saboda muna saurin kama mota. Duk na sani. Amma ido ya rufe, ina son hoton da zan nuna wa 'yata da ƙawayena a WhatsApp. Ita kuma kunya irin ta manya ta hana ta cewa a'a sau biyu.

Mun hau kamar rabi sai na ji ta daina amsa mini hira. Na waiwaya. Ta jingina da dutse, gumi ya jiƙa mata fuska, hannunta yana karkarwa. Na taɓa ta, jikin sanyi ƙalau cikin wannan rana. Na ce, "Anti, ina muke?" Ta dube ni kamar ba ta gane tambayar ba, ta fara magana a kan wata mai naƙuda da ba a kira likita ba.

Na zaunar da ita, na zaro na'urar gwajin sukari daga jakarta, na soki yatsa. Ta nuna 3.1. Duk abin da ya yi ƙasa da 3.9 ya sauka. Na zura hannu a jakata neman dabino, sai na tuna inda na bar shi. Shekara 12 ina aikin jinya. Sau nawa na yi wa majinyata faɗa a kan fita babu ko alewa a aljihu?

'Yan matakala kaɗan a samanmu akwai wata rumfa ta tsumma, irin waɗanda matan Badawiyyawa ke kafawa a hanya suna sayar da gyale da sarƙoƙi. Na kwala kira da guntun Larabcina na Islamiyya: "Sukkar! Sukkar!" Wata dattijuwa cikin baƙaƙen kaya ta leƙo. Kallo ɗaya ta yi wa Anti, ba ta tambayi komai ba. Ta sauko da buta da ɗan kofi, ta zuba shayi, ta ƙara sukari cokali uku a kan wanda ke ciki, ta riƙa juya shi tsakanin kofi biyu don ya huce. Na tabbatar Anti tana iya haɗiya, na riƙa ba ta kaɗan-kaɗan. Muka kama ta mu biyu muka kai ta inuwar rumfa.

Minti 15 ɗin da na jira kafin in sake gwadawa, ban taɓa ganin masu tsawonsu ba. Ina ta lissafin abin da zan yi in ta suma a nan, inda mota ba ta zuwa, da abin da zan faɗa wa 'ya'yanta. Na sake sokawa. Ya hau. Dattijuwar ta kawo gurasa da cuku. Anti ta ci, ta dube ni da idonta na kullum, ta ce, "Ke, me ya sa kike kuka? Gyara mayafinki."

Da ta dawo daidai sai ta ce in je in ƙarasa, ita za ta jira. Dattijuwar ma ta nuna sama da hannu, ta nuna ƙirjinta, wato ta ɗauki amana. Minti 20 ne ya rage, in ji ta. Na tsaya ina kallon matakalar. Amma irin maganin da Anti ke sha yana daɗewa a jiki, sukarin yana iya sake faɗuwa bayan an ga kamar an wuce wurin. Na cire takalmi na zauna.

Don haka, 'yar'uwa, ban ga Dair ba. A jikin katin hoto na saye shi, dinari ɗaya.

Tambaya ta uku: ina suka tafi?

Sa'a biyu muka yi a rumfar nan. Da Larabcina gutsi-gutsi da Turancin da ta tsinta a bakin baƙi, muka yi hira. Ta ce a kogo aka haife ta, cikin Petra. 'Yar ƙabilar Badul ce, waɗanda suka daɗe suna zaune cikin kogunan da kaburburan da iyalansu da awakinsu. A 1985 hukumar UNESCO ta sa Petra cikin wuraren tarihi na duniya, a shekarun nan ne kuma gwamnati ta kwashe su zuwa wani ƙauye da aka gina musu a kan tudu, Ummu Saihun. Ta ce gidan bulo yana da famfo da lantarki, makaranta ma tana kusa. Amma kogo ya fi sanyi da bazara, ya fi ɗumi da hunturu.

Da ta ji aikinmu sai ta yi dariya ta ambaci Marguerite. Wannan wata ma'aikaciyar jinya ce 'yar Niyu Zilan da ta zo yawon buɗe ido a 1978, ta auri Babadawiyye, ta zauna a kogo shekaru, tana duba marasa lafiya a ɗan asibitin wurin. Ta rubuta littafi a kan rayuwarta mai suna Married to a Bedouin. Anti ta ce, "Ka ji mata. Mu daga zuwa yini ɗaya har an kwantar da mu."

Su Nabatawa kuwa ba rana ɗaya suka ɓace ba. Ciniki ne ya fara sauya hanya, jiragen ruwa suka riƙa ɗaukar turare ta Bahar Maliya kai tsaye zuwa Masar, ayari ya ragu. A shekara ta 106 miladiyya, bayan rasuwar sarkinsu na ƙarshe, Rabbil na Biyu, ɗan sarauniyar nan da na ambata, Rumawa suka haɗe ƙasar da daularsu. A 363 girgizar ƙasa ta rushe gine-gine da yawa, ta lalata hanyoyin ruwa. Mutane sun ci gaba da zama, sun karɓi Kiristanci, har sun mai da wani babban kabari coci. Amma garin ya yi ta raguwa, jama'arsa suka narke cikin sauran Larabawa. Turawa sun manta da shi har 1812, lokacin da wani ɗan Suwizalan mai suna Burckhardt ya zo da shigar Larabawa da sunan Shehu Ibrahim, ya ce ya yi alwashin yanka akuya a kabarin Annabi Haruna (AS). A kan dutse mafi tsayi a yankin akwai wata farar ƙubba da mutanen wurin ke cewa nan kabarin yake. Littattafai suna cewa shi ya gano Petra. Kakannin dattijuwar nan kuwa suna ciki lokacin da ya zo.

Da la'asar muka yi sallah a rumfarta. Na miƙa mata kuɗin shayi ta ture hannuna, har da ɓata rai. Sai muka sayi gyale huɗu, ba mu taya ba. Ta kira wani yaro mai jaki ya sauko da Anti, ni ina biye a ƙasa. Yaron bai fi sa'ar 'yata da shekara biyu ba, ga kwalli rangaɗau a idonsa. Na tambaye shi makaranta, ya ce gobe. Na san wannan goben, ina jin ta a bakin 'yan tallan unguwarmu.

In Allah ya kai ki

Ki nemi biza tun kina gida. Tamu ta hannun masu shirya taron ta fito.

Watannin Maris zuwa farkon Mayu, ko Satumba zuwa Nuwamba, sun fi daɗin tafiya. In ana hasashen ruwan sama kada ki yi gardama da masu gadi, a Nuwamban 2018 sai da aka kwashe dubban baƙi saboda ambaliya.

Ki kwana a Wadi Musa ki shiga da sassafe. Kwana biyu ya fi, kuma bambancin kuɗin tikitin kaɗan ne.

Takalmi mai rufi, ba silifas ba. Ruwa aƙalla lita biyu ga kowane babba. Goyo da zani ya fi keken jariri. Akwai ƙananan motoci masu lantarki da ke kai tsofaffi har Hazna, ana biya daban.

Ki yi ciniki kafin ki hau doki ko jaki ko raƙumi. In an tallata miki tsohon kuɗi ko guntun tukunya wai na Nabatawa, ki wuce. Doka ta hana fitar da kayan tarihi. Na gaskiyar suna gidan tarihin da aka buɗe a bakin ƙofa a 2019.

Wannan kuma ba sai kin je Jodan ba. In kina da mai ciwon sukari a gida, ko za ku biki, ko Umara, ko doguwar tafiya a mota, ki tabbata ya ci abinci bayan ya sha magani, kuma dabino ko alewa na jikinki, ba a cikin but ba. Gumi mai sanyi, rawar hannu, jiri, ruɗewar magana ko faɗa ba dalili, alamu ne na faɗuwar sukari. In yana iya haɗiya, ki ba shi sukari cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa, ko rabin kofin lemo mai zaƙi, ki jira minti 15 ki sake gwadawa, in ya hau ya ci abinci. In ya suma kada ki ɗura masa komai a baki. Ki kwantar da shi a gefensa, a yi asibiti da shi nan take.

Da na dawo gida 'yata ta zauna da takardarta tana bin tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ina amsawa. Da muka gama ta ɗauki katin hoton Dair ta ce, "Umma, ina naki hoton a nan?" Na gaya mata abin da ya faru, ban rage komai ba, har da ledar dabinon. Ta yi shiru, sannan ta ce in ta girma za ta kai ni, kuma ita za ta riƙe jakar.

Anti ta yi ritaya a farkon shekarar nan, lafiyarta ƙalau. Ranar walimarta da gyalen nan ta zo.

Ku fa, akwai wadda ta taɓa zuwa Petra ko Mada'in Salih? Wadda ta kai Dair ta ba ni labarin abin da na rasa. Allah ya raya mana zuri'a, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.